Wa Ya Wanke Su?

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma, da mai sammako da wanda ya makara. Baffana, yayan mahaifina, ya rasu ranar Litinin da hantsi a gidansa na Maigatari, bayan jinyar mako uku. Kafin la'asar mun rufe shi mun dawo. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan.

Ni direba ne. Shekara ashirin da ɗoriya ina jan motar haya tsakanin Gumel da Maigatari, na san yadda labari ke bin hanyar nan, amma ban taɓa ganin wanda ya riga mota isa tasha irin wannan ba. Tabarmin gidan suka ƙare, aka aro na masallaci, su ma suka ƙare. Mutanen Sule Tankarkar suka zo a kan babura, uku-uku. Goggo, ƙanwarsa da ke aure a Gagarawa, ta sauko daga a-kori-kura tana dafa gwiwa, ba ta yi kuka ba sai da ta ga takalmansa a bakin ƙofa. Da ta share fuska sai ta ce, "Ya huta. Shekara hamsin yana zaman makokin mutanen da ba su ma san da shi a duniya ba."

Dillalan shanu suka zo, mahauta suka zo, 'yan tasha suka zo. Wani dogon mutum mai rawani daga tsallaken iyaka ya zauna can ƙarshen tabarma, bai kula kowa ba, ya rufe fuska yana ta girgiza. Wata tsohuwa mai sayar da fura a bakin kasuwa ta leƙo zaure ta yi gaisuwa, har ta juya za ta tafi sai ta waiwayo ta ce, "To, 'ya'yan nan, yanzu in baƙo ya faɗi wa zai ɗaga shi?" Kowa ya sunkuyar da kai. Ni ma na shiga gyaran hulata.

Rana ta biyu, muna zaune a rumfar makoki bayan azahar, wani maƙwabci ya fito da waya. Girgizar ƙasa aka yi can wata uwa duniya, gidaje sun rufta a kan mutane, ana ta tono. Wayar ta zaga hannu-hannu. Wannan ya ce subhanallahi, wancan ya ce Allah ya kyauta, na kusa da ni ya kalla ya ce, "Kai, ji benaye! Mutanen nan sun samu siminti." Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, sai wani ya tambaya ko an fara yankan riɗi a Gagarawa, hira ta koma can. Ni kuwa idona ya tafi gindin bangon da Baffa yake jingina, ina jiran tambayarsa. Da yana nan, da ya ce, "Wa ya wanke su?"

Wanda bai san shi ba zai ce wace irin tambaya ce wannan. Baffa manomi ne, gero da dawa da wake da ɗan zoɓo, amma ba da noma aka san shi ba. Shi ne mai wankan baƙi. Kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis tana tara mutane daga ko'ina, daga Damagaram da abin da ya wuce ta, daga kudu, daga gabas, kuma inda mutane suka taru ajali ma yakan zo cin kasuwa. Wani zazzaɓi ya kwantar da shi a rumfa, wani sa ya soke shi, wani mota ta faɗi da shi a hanya. Ɗan gari yana da dangin da za su yi masa sutura. Baƙo kuwa, in mai unguwa da hukuma sun gama nasu ba a samu nasa ba, sai a ce a kira Baffa. Ya ɗebo ruwa da ganyen magarya, ya wanke, ya sa likkafani, ya karyo karan dawa ya auna tsawon mamacin don a san girman ramin, ya saɓa shebur ya nufi maƙabarta. Ko goro bai taɓa karɓa ba.

Ba don in yabe shi kaɗai na zauna rubuta wannan ba, gara in faɗi gaskiya tun yanzu. Tsoro ne ya zaunar da ni. Ɗana na fari, wanda ba na iya kama sunansa ko a takarda, ya tafi arewa neman aikin gini, ta Damagaram, ta Agadas, ya ce daga can za su tsallaka sahara. Da farko yana kira duk Juma'a. Yau wata bakwai ke nan ba mu ji muryarsa ba. Lambarsa a kashe, ta abokin tafiyarsa ma a kashe. Mutum ɗaya ne a duniya nake iya zama kusa da shi da wannan abu a ƙirjina ba tare da na ce uffan ba, kuma shi ne muka rufe ranar Litinin.

Baffa yana da wata 'yar rediyo, an ɗaure ta da robar taya don kada bayanta ya faɗi. Da safe da kuma bayan la'asar ba ya fashin labaran duniya. In aka ce mutum kaza sun mutu a wuri kaza, ko loma ce a hannunsa sai ya mayar da ita kwano. Ya ce inna lillahi, sannan ya yi tambayar nan tasa, ba kuma wani yake tambaya ba. Muna samari muna yi masa dariya a bayan ido. Har suna muka sa masa, Sarkin Makoki, Allah ya yafe mana.

Wata rana, ina sabon direba, kaina na hayaƙi, na kai masa abinci gona. Kaka ce, an gama yankan dawa. Rediyo ta ce wani jirgin ruwa ya nutse da ɗaruruwan mutane, shi kuwa ya ture kwanon da na sha rana na kawo. Raina ya ɓaci.

Na ce, "Haba Baffa! Mutanen nan fa ko sunan ƙasarsu ba ka iya faɗa daidai. Me ya haɗa ka da su?"

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Direba," haka yake kirana in zai yi mini shaƙiyanci, "ban ce ka haƙa ba. Karyo mini kara ɗari kawai, kowanne tsawon mutum, ka jera mini su a nan."

Na ce wannan ai wasan yara ne. Na shiga karyowa ina jerawa, har da waƙata. Wajen na talatin waƙar ta tsaya. Na ɗago na dubi abin da na jera, sai na ga layi ya miƙe, kowane kara kwance kusa da ɗan'uwansa, kawunansu duk gefe guda. Na ce ƙaya ta soke ni, na samu wuri na zauna.

Ya ce, "Ka gani? Kunne ba ya gajiya, shi ya sa yake haɗiye dubu kamar ruwa. Hannu ne ya san adadi. Kowane ɗaya tulu biyu na ruwa ne, da ƙyalle, da rami. Ƙasar nan tamu rairayi ce, kana haƙa tana ruftawa, kabari ɗaya sai ya ci maka hantsi guda. To in an ce maka ɗari, hantsi nawa ke nan?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "Ni na sani. Shi ya sa abincin ke tsaya mini."

Kada a ce daga nan na shiryu. Ina! Kwana biyu abin ya yi mini, na koma gidan jiya. Kuma ba ni kaɗai ba ne, a motata na ga halin mutane iri-iri. In aka ce akuya ta faɗa rijiya a Gumel, sai mota ta kaure da tambaya: ta wa, a wace unguwa, an fito da ita? In aka ce gari guda ya ƙone a wata nahiya, sai wata ta ce in rage rediyon nan tana waya. Ba mugaye ba ne, wallahi. Waɗannan mutane in na yi faci su ke fitowa su tura mini mota. Abin da ba su ga fuskarsa ba ne ba ya shiga musu.

Goggo takan yi masa faɗa a kan wannan duk zuwan da za ta yi. Na taɓa jinsu a tsakar gida tana cewa, "Yaya, zuciya fa ba rumbu ba ce. Allahn da ya yi mu ya sa mana mantuwa don rahama. In kowa zai ajiye loma saboda mutuwar duniya, ai da yunwa ta gama da mu."

Ya ce, "Gaskiyarki. Ban ce kowa ya yi kuka ba, hawaye ba ya zuwa da umarni. Na ce a tsaya. In makara ta gifta ki a hanya, ba ki san mai ita ba, ba kya tsayawa?"

Ta ce, "Wannan ai ina ganinta."

Ya ce, "To abin da ya raba mu ke nan. Ni ina ganinsu."

Goggon ce ta gaya mini mafarin abin, shi bai taɓa faɗa ba. Suna da babban yaya da ya tafi ci-rani tun suna ƙanana, ya ce zai dawo kafin shuka. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kakarmu ta rayu shekara da shekaru bayan haka, ba ta yi zaman makoki ba don ba a kawo mata mutuwa ba, ba ta kuma daina ajiye masa tuwo ba. Goggo ta ce ranar da za ta cika ma idonta na kan ƙofa.

Saboda haka ne, ina jin, Baffa yake da wata adaka ta kwano a ƙarƙashin gado. Duk baƙon da ya wanke ba a san nasa ba, sai ya ajiye abu ɗaya daga jikinsa: hula, carbi, mabuɗi, zobe, takalmi wari guda. Ya ɗaura masa 'yar takarda da ajami, ya rubuta ranar, da kamannin mutumin, da zanen fuskarsa in yana da shi, da inda ya kwantar da shi. Iya, matarsa, ta yi shekaru tana tsoron share ɗakin. Shi kuwa yakan ce, "Amana ce, masu ita na tafe." Mafi yawansu ba su zo ba. Amma dogon mutumin nan mai rawani da ya yi kuka a makoki, shi ya zo. Shekara huɗu yana neman ƙanensa kasuwa-kasuwa, har wani ya ce masa je ka Maigatari ka tambayi tsohon nan. Ina wurin ranar. Baffa ya shimfiɗa tabarma ya jera huluna bakwai, mutumin ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya ya kai hancinsa. Baffa ya kama hannunsa ya kai shi har kan kabarin, ya ce, "Nan ne. Da hannuna na wanke shi, ba a taɓa mutuncinsa ba." Mutumin ya kwana biyu a zauren Baffa sannan ya koma.

Akwai kuma wani direban babbar mota ɗan kudu, ba Musulmi ba, da ya faɗi a bakin kasuwa da rana tsaka. Baffa bai wanke shi ba, ya ce mutanensa na da tasu hanyar. Amma ya yanko zana ya kafa masa inuwa, ya zauna yana kore masa ƙuda tun azahar har 'yan'uwansa suka iso da yamma. Wani ya wuce ya ce, "Malam, har da wannan?" Baffa ya ce, "Wannan ma wata ce ta yi naƙudarsa. Wuce ka ba ni iska."

Shaƙuwarsa da ɗana kuwa, ba a magana. Ni saboda alkunyar ɗan fari ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ko sunansa ba na kamawa, sai in ce "yaron nan". Baffa ne ya ɗauke shi abokin wasa, kamar yadda kaka da jika suke yi. "Abokina" yake ce masa. In sun haɗu sai tsiya: wannan ya ce tsoho ka ƙi mutuwa ka bar mana gona, wancan ya ce sai na ga rago irinka ya yi gemu tukuna. Da yaron ya girma ya iya gini, ya ce zai tafi, uwarsa ta yi kuka, ni na yi faɗa, amma wa yake tare ruwan da ya ga gangare? Baffa bai hana shi ba. Ya dai ce ya biya ta wajensa kafin ya tsallaka.

Ranar tafiyar ban raka shi ba. Na ɗauko shi a motata daga Gumel kamar kowane fasinja, ya zauna a baya, muka zo Maigatari ban ce masa ci kanka ba. Ta madubi na riƙa satar kallonsa. A tasha Baffa na jiranmu. Ya fito da wata laya sabuwa, jar fata, ɗinki mai kyau, ya ɗaura masa a damtse da kansa, ya ja igiyar sosai. Ya ce, "Abokina, ko wanka za ka yi kada ka cire. Ko an ce ka sayar da wandonka, ka sayar, ka bar wannan." Yaron ya yi dariya ya ce ashe tsoho na da sauran asiri. Ni kuwa hankalina ya kwanta. Na ce a raina, mutumin da ya yi shekara hamsin yana yi wa Allah aiki, addu'arsa ba ta faɗuwa ƙasa. Na gaya wa uwarsa ta daina kuka, Baffa ya ba shi tsari.

Da kiran ya ɗauke, sai na zama mai sauraren labarai fiye da Baffa, amma ba irin nasa ba. Ni abu ɗaya nake jira a kowane labari: 'yan wace ƙasa ne? A nan ne muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba. Wata Alhamis da safe na ɗauko shi daga asibiti a Gumel, yana gidan gaba, mota cike. Rediyo ta ce an tsinci gawarwakin matafiya a sahara, motarsu ta lalace, ƙishirwa ta kashe su. Sai mai labarin ya faɗi ƙasashen da suka fito, babu tamu a ciki. Ban san lokacin da na ce, "Alhamdulillahi, ba namu ba ne," na murɗa zuwa tashar waƙa ba.

Baffa ya ce, "Tsaya."

Na ce, "Baffa, ba mu iso ba."

Ya ce, "Na ce ka tsaya."

Na gangara gefen titi. Ya buɗe ƙofa ya sauka, tsoho mai ciwon ƙafa, da ledar maganinsa a hannu, ya kama hanya a ƙasa. Fasinjoji suka hau ni da surutu. Na fito na bi shi ina ba shi haƙuri, ni kuma raina a ɓace, na ce, "Me na yi? Laifi ne in gode wa Allah ɗana ba ya ciki?"

Ya juyo. Ban taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba. Ya ce, "Gode wa Allah ba laifi ba ne. Amma ka sani, ranar da za a faɗi naka, akwai wani direba a wata ƙasa da zai ce alhamdulillahi ba namu ba ne, ya sa waƙa. Ka yarda?"

Na kau da kai.

Ya ce, "In ba ka yarda ba, to kada ka yi wa ɗan wani. Ka tsaya musu ko da na numfashi uku ne, ko Allah ya sa wani ya tsaya wa naka."

Sai da wata tsohuwa cikin fasinjojin ta sauko ta roƙe shi sannan ya koma mota. Muka ƙarasa Maigatari. Na yi mako biyu ban je gaishe shi ba, ina jin haushi, don ya faɗi abin da nake gudu. Wannan mako biyun yana cikin abubuwan da nake nadama yanzu.

Da ciwo ya kwantar da shi kullum ina biyawa bayan lodin safe. Duk zuwan da na yi, tambayarsa ɗaya ce: "Wani baƙo ya kira ka?" In ce a'a. Sai ya lumshe ido ya ce, "To, madalla." Abin ya riƙa ba ni haushi. Ni ina neman wanda zai kira ni ko da daga bangon duniya ne, shi yana cewa madalla. Na ɗauka zafin ciwo ne da tsufa, na bar shi.

Ranar sadakar uku na gane. An yi addu'a an shafa, ana rabon waina, sai wani baduku da ke ɗinkin fata a kasuwa ya matso ya yi mini gaisuwa. Mutum ne mai surutu, ba da wata manufa ya faɗa ba. Ya ce, "Allah ya jiƙan Malam. Ni dai ya taɓa ba ni aikin da ban taɓa yin irinsa ba. Layar nan da ya sa na ɗinke wa ɗanka, ka san babu aya ko ɗaya a cikinta?"

Na ce, "Kamar yaya?"

Ya ce, "Wallahi. A gabana ya naɗe takardar. Sunan yaron ne, da naka, da sunan garinku, da lambar wayarka. Ya rubuta da ajami, ya sa aka rubuta masa da boko, ya nannaɗe da leda har sau uku don kada gumi ya ci. Na ce Malam, wannan wace irin laya ce? Ya ce in ɗinke kawai, wanda zai farke ta ya san amfaninta."

Wainar da ke hannuna ta faɗi. Na tashi na zaga bayan gida na dafa bango. Duk watannin nan ina kwana ina tashi da cewa ɗana na ɗauke da tsari. Ashe Baffa ya dubi abokinsa, yaro mai jini a jika yana dariya a tasha, ya shirya shi yadda ya so a ce an shirya duk waɗanda ke cikin adakarsa. Na ji haushinsa, na rantse na ji, har na ce a raina wannan ai mugun fata ne. Kafin in bar bangon nan kuma na gane babu wanda ya so yaron kamarsa. Ba a farke layar mai rai. Shi ya sa yake cewa madalla.

Tun daga ranar wayata ta zama abin tsoro. Da, in baƙuwar lamba ta shigo, har tuntuɓe nake yi wajen ɗauka. Yanzu sai in tsaya ina kallonta tana ruri, har fasinja ya ce, "Direba, ɗauki mana." Shirun ma bai bar ni ba. Baffa ya ɗauke shi alheri, ni kuwa na san fuska biyu gare shi: ko yaron na raye a inda babu waya, ko ya faɗi a inda babu mai tsayawa. Ban gaya wa uwarsa maganar baduku ba. Har yau tana cewa ai Baffa ya ba shi tsari, ni kuma ina cewa haka ne.

Bayan sadakar bakwai Iya ta jawo adakar daga ƙarƙashin gado ta tura gabana. Ta ce, "Ya ce a ba ka." Na ce ni direba ne, me na sani a wannan? Ta ce, "Ni dai saƙo na isar." Na sa ta a but ɗin mota, na yi kwana biyu ina yawo da ita ban buɗe ba.

Alhamis ta zagayo. Na sauke fasinja a Maigatari wajen ƙarfe goma sha ɗaya, sai ga tsohuwar nan mai fura ta nufo ni da sauri, zanenta na jan ƙasa. Ta ce, "Ɗan Malam, baƙo ya faɗi." Wani ne cikin masu koro shanu daga arewa, ya kwana biyu da zazzaɓi a bayan rumfarta, waɗanda suka zo tare sun sayar sun juya suna zaton zai biyo su. Mai unguwa ya zo, hukuma ta zo, an duba aljihunsa babu komai, an ce a yi masa sutura. Mutane sun yi da'ira suna kallo daga nesa. Na duba hagu na duba dama ina neman wanda za a kira, sai na ga duk ni suke kallo.

Ban taɓa wanke gawa ba. Liman ya tsaya a kaina yana gaya mini abin da zan yi, ni kuma ina tuno hannun Baffa. Saurayi ne, ba zai wuce sa'an ɗana ba, siriri, da tabon tsohon ciwo a ƙwauri. Ina kwance masa wando na ji wani abu mai tauri a ƙubaka, inda mazagi ke bi. Na farke. 'Yar takarda ce a cikin leda, an naɗe ta ƙanƙanuwa, babu komai a jiki sai lambar waya ta tsallaken iyaka. Na ajiye ta gefe, na gama wankan da ruwan magarya, tulu biyu cif kamar yadda ya faɗa. Na sa masa likkafani, na karyo kara na auna shi.

Mai unguwa ya ce, "To, kira mana."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wani ya kira."

Ya ce, "Kai ka tsinta."

Na fita waje na tsaya a rana. Sau biyu ina danna lambar ina ɓatawa. Na san abin da ke ɗaya gefen, wa ya fi ni sani? Ko gama ruri na farko ba ta yi ba aka ɗauka. Muryar mace ce, babba, tana haki kamar wadda ta taso da gudu.

Ta ce, "Alo? Kai ne?"

Ba ta kama suna ba. Na gane ɗan farinta ne.

Na ce, "Inna, ba shi ba ne. Daga Maigatari nake kira. Sai haƙuri."

Ina jin kukan akuya a bayanta, da wata na daka. Na tsaya, ban kashe ba, ban ƙara komai ba. Can ta ce inna lillahi, a hankali, har sau uku. Ta ce garinsu da nisa, ba za su iso ba, a rufe shi. Sannan muryarta ta karye, ta ce, "Ɗan nan, yana da kowa a wurin? An wanke shi?"

Na ce, "An wanke shi, Inna. Ni na wanke shi, da hannuna. Ba a taɓa mutuncinsa ba. Hularsa na wajena, duk ranar da kuka zo."

Muka kai shi kusa da Baffa. Ramin ya rufta mini sau biyu kafin ya tsaya. Da yamma na buɗe adakar, na ɗaura wa hular takarda, na sa ta cikin 'yan'uwanta.

Allah ya jiƙan Baffa, ya haskaka kabarinsa, ya wanke shi kamar yadda ya wanke bayinsa. Allah ya dawo mini da yaron nan da ƙafarsa, da layarsa a ɗinke. In kuma ta Allah ta riga ta kasance can inda ban sani ba, Allah ya sa wanda ya tsince shi ya tsaya, ya farke fatar nan, ya kira ni.